Zakaran da Na Kai Coci

A kan cinyarta suka zo daga Jos, cikin kwalin sabulu da aka huhhuda da ƙusa. Asibiti muka je a duba uwargidana. Likita ya rubuta magani, ya ce ta huta, mu dawo bayan wata biyu. Da muka isa tasha sai uwargidana ta ce in kama mana wuri a mota, akwai wani gida da wata 'yar zumuntar matan cocinmu ta kwatanta mata, yanzu za ta dawo. Na ce mata wanda aka ce ya huta ba ya yawon gidajen mutane. Ta ce, "Malam, zauna dai." Na zauna ina ƙunƙuni, direba yana ta leƙo ni. Ban bi ta ba, ban kuma tambaye ta sunan unguwar ba, don fushi nake yi.

Ta dawo da kwali yana ta tsuwwa. 'Yan tsaki biyar ne a ciki, farare, amma ƙafafunsu baƙaƙe, bakinsu shuɗi-shuɗi. Ta ɗago ɗaya ta baje mini ƙafarsa a tafin hannunta, ta ce in ƙirga. Yatsu biyar. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yaran firamare cewa kaza yatsu huɗu gare ta. Ta ce sunansu silki, kuma ko sun girma gashinsu ba ya zama irin na sauran kaji, haka zai tsaya kamar audugar rimi. Na ce to wanne ne zakara? Ta ce mai sayarwar ma bai sani ba, ya ce irin waɗannan sai sun faɗa da bakinsu. Na ce, "Wato kin sayi abin da mai shi ma bai san ko mene ne ba." Matar da ke kusa da mu ta yi dariya, uwargida ba ta yi ba.

Gidanmu yana bakin Kafanchan ta hanyar Kagoma, inda gidaje ke ƙarewa gonakin citta su fara. Mun gina shi da ɗakuna da yawa, don yaranmu uku ne, muna kuma sa ran jikoki. Yaran suka tashi, suka yi karatu, aiki ya kwashe su. Babbar tana Abuja, namijin yana Legas, autar ta bi miji Fatakwal. Jikokin kuwa a waya muka fi saninsu. In an kawo su Kirsimeti ba sa jin yarenmu, Hausar ma daga "sannu" sai "na gode". Su zauna a falo kowa da abin latsawa a hannu har a ce su fito su shiga mota.

A wurinmu kaka takan ba jikanta kaza. Ba a ba shi ya tafi da ita. A gidan kakar take zama, amma sunansa ne a kanta. In ta yi ƙwai nasa ne, in ta ƙyanƙyashe 'ya'yan nasa ne, ba mai yanka ko ɗaya sai an tambaye shi, ko da majina ba ta bar hancinsa ba. Ni ma kakata ta ba ni wata ja, kuma ina tuna yadda nake dawowa hutu daga makarantar kwana, kafin in gaida kowa sai na zagaya bayan rumbu na ga nawa suka zama. Uwargida ta gwada wannan da babbar jikarmu, 'yar Abuja, ta nuna mata kazar gida. Yarinyar ta dube ta sau ɗaya ta ce tana wari. Abin da ya kai mu ga kwalin nan ke nan. Dabarar ita ce a samo kazar da yaron birni zai so ya ɗauka ya rungume, su hayayyafa, kowane jika a ba shi tasa, yadda in an yi hutu shi da kansa zai hana iyayensa sakat sai an kawo shi gida. Ba a mota ta gaya mini ba. Sai da muka kwana biyu, tana jiƙa musu dusa, ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. Daga ranar na daina tsokanarta. To, na rage dai.

Akwai kuma alkawarin da ta yi a gaban jama'a. A zumuntar mata ta ikilisiyarmu, tun da damina kowace mace takan faɗi abin da za ta kawo ranar godiya bayan girbi. Wannan ta ce acca, waccan ta ce doya, wata ta ce manja. Uwargida ta miƙe ta ce ita zakara za ta kawo, fari tas, irin wanda ba a taɓa gani a cocin nan ba. Ta dawo gida tana ba ni labari tana dariya, wai har matan sun fara gardamar wadda za ta saye shi a gwanjo. Tana da ɗan son a san da ita, ni kuma da hakan nake son ta.

Shirwa ta ɗauki ɗaya tun suna ƙanana. Ɗaya kuma ruwa ya kashe shi, don gashin nan nasu ba ya tare ruwa, jiƙewa yake yi sharkaf, ruwan Kafanchan kuwa in zai tsuge ba ya sallama. Saura uku. Ba mu koma Jos ba. Wata safiya a tsakiyar damina uwargida ta ce kanta yana juyawa, kafin a samo mota ta riga ta tafi.

Gida ya cika. 'Yan zumunta suka zo da tulunansu na kiɗa da gangunansu suka yi ta waƙa, yara suka iso da iyalansu. Ana cikin hidimar nan na zagaya bayan kicin don in ɗan ɓuya daga masu ta'aziyya, sai na tarar da babbar jikar tsugune, ta rungume ɗaya daga cikin kajin a ƙirji, baƙar rigarta duk farin gashi. Ta tambaye ni da Turanci ko za ta iya tafiya da ita Abuja. Na ce a'a, kakarki ta ce a nan za su zauna, amma ranar da suka ƙyanƙyashe, ta farkon fitowa taki ce. Ta sa na maimaita, ta kuma kira uwarta ta zama shaida. Dabarar ta ci, mai dabarar ba ta gani ba.

Aka kwashe kujerun haya, aka naɗe rumfa, motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Yara sun so in bi su, na ƙi. Na ce wa zai duba gida? Su ma sun san ba gida nake nufi ba, kabarinta yana nan bayan mangwaro.

Ban taɓa sanin gidan nan yana da girma haka ba. In na yi tari a falo sai in ji shi ya dawo mini daga ɗakin yara. A baranda kujerata tana nan, tata 'yar guntuwar tana gefe, ban ɗauke ta ba, ban kuma iya dubanta sosai ba. Kaɗaici ya dame ni, ba kaɗan ba. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da na lura ina wuni in kwana bakina bai furta kalma ɗaya ta yarenmu ba. A kasuwa Hausa, a coci Hausa, a waya da yara Turanci. Da ita kaɗai nake yin yare, ko faɗa muke yi a cikinsa muke yi.

To sai na koma yi da kaji. Ban taɓa kiwon kaza ba, don a gidanmu kaza ta mata ce, namiji sai dai ya yanka a ba shi ƙundu. Da tsufana na koyi zuwa injin niƙa neman dusa, na koyi tono gara da sassafe a tsohon kasko, na koyi duban gabas kamar manomi, in hadari ya haɗu in bar duk abin da nake yi in kwashe su zuwa akurki. Ba sa tashi sama, ba sa hawa ko dutsen niƙa. A ƙasa suke kwana, a cure wuri ɗaya. Tukkun da ke kansu yana rufe musu ido, sai su yi ta karo da ƙafata. Ina zaginsu da yare, ina tambayarsu ko sun ƙoshi, ina ba su labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Ba su taɓa katse ni ba, abin da ba zan iya faɗa game da mai su ba.

Akwai babba, akwai siriri mai dogon wuya, akwai ƙarama. Ƙaramar tun farko na ba ta mace, don ba ta da hayaniya, kullum tana baya. Sauran biyun ne suka hana ni sukuni. Kazar gida ba ta ɓoye kanta. Kafin ta yi ƙwari ka ga zanko ya yi ja a kan namiji, wutsiya ta fara lanƙwasa, yana tafiya kamar shi ya gina gidan. Waɗannan kuwa zankonsu baƙi ne, ɗan dunƙule, ya shige ƙarƙashin tukku, wutsiyar ma curin auduga ce. Ni kuma dole in sani, don abu biyu ne a wuyana: zakaran da ta yi wa Ubangiji alkawari, da zakaran da zai zauna a gida don jikoki su samu nasu.

Matar maƙwabcina, mai sayar da citta a kasuwa, ita ta fara kawo mini agaji. Ta tsaya a bakin akurki ta riƙe ƙugu.

"Baba Hedimasta, wannan abu naka kaza ne ko mage ne?"

Na ce ta duba dai. Ta ce a ƙauyensu riƙe kaza ake yi ta ƙafa a juya kai ƙasa, wanda ya ɗago kai yana neman faɗa namiji ne, wanda ya saki jiki mace ce. Ta riƙe su ɗaya bayan ɗaya, duka ukun suka ɗago kai. Washegari ta dawo ta sake gwadawa, duka ukun suka saki jiki. Ta karkaɗe zaninta ta ce, "Baba, wannan kaza na Turawa ne, ba ya jin al'ada namu."

Wani abokina da muka yi ritaya tare ya ce a rataya allura da zare a bisa bayan kaza, in ta yi kewaye mace, in ta yi gaba da baya namiji. Ni dattijon ikilisiya ne, abin ya yi mini kama da duba. Na yi, amma sai da na rufe ƙofar gida. Allurar ta yi kewaye, ta yi gaba da baya, ta kuma tsaya cak, gwargwadon rawar hannuna. 'Yata ta Abuja ta karanto mini daga waya cewa tukkun mace zagaye yake lumbus, na namiji kuwa yana da wasu dogayen silin gashi da ke zubowa ta ƙeya. Na sa tabarau na tsuguna har gwiwata ta yi ƙara. Bayan sun yi birgima a ƙasa sun tsoma kai a kwanon ruwa, duk kawunan iri ɗaya suke, kamar tsohon burushi.

Ruwa ya fara ja baya, ana shirin tonon citta, sai wata asuba na ji wata ƙara daga bayan kicin, kamar an ja tsohuwar ƙofar kwano. Na fito da zani a wuya, na tarar da su ukun suna kallona, ba wanda ya amsa laifi. Haka muka yi ta yi, in ji, in fito, su yi shiru. Da na gaji sai na riga su tashi, na kawo kujera na zauna a gefe. Gari na fara wayewa siririn ya miƙe, ya miƙa wuyan nan nasa, ya shaƙe, ya sake gwadawa, ya saki cara. Mummunar cara ce, rabinta ta maƙale a maƙogwaro, amma na ji daɗin da ban ji ba tun jana'iza. A da muryarta ce ke tashina, tana shara tana waƙar yabo ƙasa-ƙasa. Tun da ta tafi ba abin da ke tashina sai ciwon baya. Ga shi an sake samun mai magana da safe a gidan.

Babban bai taɓa cara a gabana ba. Amma shi ke fara cin abinci, shi ke tsayawa ƙiƙam yana harara, kuma kullum sai ya tare siririn sun haɗa ƙirji, gashin wuya a tashe. Duk wanda ya gani sai ya ce zakaru biyu ne ke neman sarauta. Matar maƙwabci ta ce, "Wannan babban, ai shi ne maigida. Babban mutum ba ya ihu da wuri." Abokina mai allura ya ce in zakara biyu suna wuri ɗaya, wani lokaci ɗaya yakan riƙe cararsa sai an raba su. Na karɓi maganar hannu biyu-biyu, don ita nake so in ji. Zakara biyu, kaza ɗaya. Ɗaya na Ubangiji, ɗaya na jikoki.

Ana saura kaɗan ranar godiya, shugabar zumunta ta zo gaishe ni da kwanon faten acca. Ta zauna a bakin baranda, ba a kan 'yar kujerar ba, ta yi ta zagaye kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Baba, wannan alkawari na Mama, ba dole ba ne fa. Mama ya tafi, Ubangiji ya sani. Ko mudu ɗaya na acca ka kawo, ya isa."

Da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma raina ya ɓaci. Na ce mata alkawarin da aka yi a gaban ikilisiya ba a binne shi tare da mai shi. Zakara ta ce, zakara za su gani.

Saura wanne zan kai. Yanzu kowa zai ce ai sai ka riƙe wanda ka ji cararsa da kunnenka, ka kai ɗayan. Ni ba haka aka rene ni ba. Babana in zai kai doya ranar godiya sai ya juya ta ko'ina, in ya ga ɗan rami ko tabon fartanya ya ajiye ta ya ɗauki wata. Abin da za a ajiye a gaban bagade ba a kai shi da shakka. In na ɗauki babban, ya je hannun mutane ya zama wani abu dabam, na mayar da ita maƙaryaciya a gaban Ubangiji da gaban matan da ta yi wa burga. Siririn kuwa ya riga ya faɗa da bakinsa. Babban ma ai ya fi ƙarfi, zai fi kyau da iri. Na zauna na yi lissafina na hedimasta, komai ya fita daidai.

Ranar Asabar na yi masa wanka da ruwan ɗumi, na shanya shi a rana ina tsaronsa, ya bushe ya kumbura ya yi fari ƙal. Ranar Lahadi na naɗe shi a zanin zumuntarta. Da aka kira layin mata su shigo da baikonsu na godiya, na tashi daga wurin dattawa na shiga inda takan tsaya, namiji ɗaya tilo a cikin masu ɗaurin kallabi, ina taka rawar da ban iya ba. Wasu suka yi guɗa, wasu suka rufe fuska da gefen zani. Bayan sujada aka fito gwanjo a ƙarƙashin bishiya. Mai gwanjo yana ɗaga shi sai ya miƙa wuya ya saki cararsa a gaban fasto da kowa, wuri ya kaure da dariya da tafi. Aka yi ta tayi. Wani ɗan kasuwar citta daga Kwoi, baƙon da aka gayyata, shi ya tafi da shi. Na dawo gida da zanin a ninke a hammata, ina jin na fita kunyarta.

Washegari na farka tun kafin asuba ina saurare. An raba su, yau babban zai yi magana. Na ji zakarun maƙwabta suna amsa wa juna har can wajen gonaki, bayan kicin ɗina shiru. Na ce baƙunta ce, bai saba da mulki ba. Mako ya wuce, wani ya biyo. Kirsimeti ta zo, yara suka ce bana ba za su samu zuwa ba, hutunsu ya ƙare a jana'iza, ga hanya kuma. Na ce ba komai. Na ci shinkafar da maƙwabta suka aiko a baranda, na zuba wa kajin biyu ragowar.

Bayan sabuwar shekara, wata rana da hantsi, na ji kyarkyara daga kicin. Na shiga na tarar da babban yana fitowa daga tsohon kwandon da uwargida ke ajiye albasa, yana shela kamar an naɗa shi sarki. A cikin kwandon ga ƙwai, ɗan ƙarami, da ɗuminsa. Na ɗauka na riƙe. Dariya na fara yi, don maigidan da muke ta girmamawa ashe uwargida ce. Sai dariyar ta tsaya, na zauna a ƙasa, a kan simintin kicin. Ba a jima ba ƙaramar ma ta fara nata. Kaza biyu ke nan. Zakara ɗaya tak aka sayo a kwalin nan da ya rayu, ni kuma na yi masa wanka na kai shi da rawa.

Na hau mashin zuwa Kwoi. Da tambaya na gano gidan ɗan kasuwar, da niyyar in roƙe shi ya ara mini zakaran ko na ɗan lokaci. Ba ya nan, matarsa ta fito. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta dafa ƙirji.

"Ai Baba, wannan kaza! Mun yanka shi ranar Kirsimeti. Da muka fige, fata baƙi, nama baƙi, har ƙashi ma baƙi. Yara sun gudu. Maigida ya ce kada kowa ya taɓa, ba mu san abin da ke ciki ba. Mun binne shi a bayan gida, mun yi addu'a."

Ta tambaye ni ko ciwo ne da shi. Na ce a'a, haka Allah ya yi irinsu, lafiyarsa ƙalau. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta kawo mini ruwa. Ban ga laifinta ba. Ni ma da ban san su ba, da abin da zan yi ke nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ko romonsa ba wanda ya sha. A hanyar dawowa ɗan mashin yana ta ba ni labarin farashin citta, ban ji ko ɗaya ba.

Na nemi wani zakaran. Matar da ta kwatanta gidan Jos ta ce ita ma ji ta yi a wurin wata, waccan kuma ta bar garin. 'Yata ta ce za ta duba a waya ta aiko, har yau ana dubawa. Matar maƙwabci ta ce ga jan zakaranta nan kyauta. Na dube shi, ya ninka su girma, kuma 'ya'yan da za a samu ba za su zo da audugar ba, kajin gida ne za su fito, irin wadda yarinyar ta ce tana wari. Na ce na gode. Wataƙila taurin kai ne, an sha gaya mini ina da shi.

Ana haka babbar ta kama kwanci. Ta tattara ƙwanta da na ƙaramar a kwandon albasa, ta baje a kai, in ka matso ta kumbura tana gurnani. Ranar Lahadi bayan coci 'yata ta kira kamar yadda ta saba, ta miƙa wa yarinyar waya ta gaishe ni. Na rasa abin faɗa, sai na ce mata kaza tana kwance a kan ƙwai. Gaskiya na faɗa. Ihun da ta yi sai da na janye wayar daga kunne. Ta ce in nuna mata, na juya wayar na haska kwandon. Lahadin da ta biyo ita ta kira da kanta, ba wanda ya tura ta. Har ta sa uwarta ta koya mata yadda ake tambayar da Hausa.

"Kaka, sun fito?"

"Tana kwance a kai."

Ban taɓa samun kira irin wannan daga jika ba. Tun ana waƙar rufe sujada nake taɓa aljihu in ji ko wayar tana nan. Takan tambaye ni me kaza ke ci, ko ba ta gajiya, ko 'ya'yan suna jin magana daga cikin ƙwai. Ta ce ta gaya wa 'yan ajinsu tana da kaza a ƙauye, kuma ta ce wa babanta hutun Ista Kafanchan za a kawo ta.

Matar maƙwabci ta leƙo kicin ta ga abin da ake ciki, ta girgiza kai.

"Baba, ƙwai wanda babu zakara, ko shekara ya kwanta ba zai fito ba. Ka tsoma shi a ruwan sanyi ya manta. Zai mutu fa."

Na ce na sani. Lokacin ƙyanƙyashewa ya zo ya wuce. Ƙwan suka zama baragurbi, ɗaya ya fashe, kicin ya ɗauki wari. Na kwashe su na sa mata sababbi daga na ƙaramar, ta gyara su da baki ta koma ta kwanta. Ta rame, ƙirjinta ya zama fata zalla, sai na ɗaga ta da hannu nake sa ta ci ta sha. Kowace Asabar nakan shirya yadda zan gaya wa yarinyar, da Turanci mai sauƙi. Kowace Lahadi in ji muryarta ta ce, "Kaka, sun fito?" sai in ce tana kwance a kai.

Ban gaya mata ba har ta daina tambaya. Wata Lahadi ta kira tana haki, babanta ya sayo mata ɗan kwikwiyo, ta nuna mini shi ta ko'ina, kunnensa, wutsiyarsa, kwanon cin abincinsa. Na yaba. Na jira tambayar har ta ce sai an jima. Lahadin gaba uwarta ce ta kira, ta ce yarinyar ta fita da karen. Ta kuma ce maganar Ista sai dai wani lokaci, an sa musu darasin hutu.

Da yamma na shiga kicin na ɗaga kazar, ba nauyi ko kaɗan, na ajiye ta a bakin kwanon ruwa. Na kwashe ƙwan a tsohuwar leda, na tona rami a bayan mangwaro, nesa kaɗan da kabarin, na rufe su. Na karkaɗe kwandon na mayar da shi wurinsa. Ta sha ruwa, ta tsattsagi dusa sau biyu, ta zagaya tsakar gida tana karo da ƙafar kujera. Sannan ta koma kicin, ta shiga kwandon da babu komai, ta juya, ta gyara da baki, ta baje jikinta ta kwanta.

Bokitin ruwan sanyi yana nan a bakin ƙofa, ban taɓa shi ba. Na jawo kujerata daga baranda na zauna kusa da ita, waya tana aljihuna, don rana ba ta faɗi ba tukuna, kuma Lahadi ce.